Hannun Rilwanu, Hawayen Ja'afaru

Duk wanda ya san harkar gem daga Kawo zuwa Unguwar Sarki ya san Rilwanu Mai Ƙetarawa. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin layin da ke gangarawa Rafin Guza, tsakanin mai cajin waya da mai walda. A jikin ƙofa an rubuta gyaran hannun gem da talabijin, kuma gaskiya yana gyaran. Amma ba shi ne ke kawo masa mutane ba. Ana zuwa wurinsa ne idan an maƙale.

Wasannin nan na Japan masu dogon labari, waɗanda mutum zai yi wata yana tafe da jarumi da 'yan rakiyarsa daga gari zuwa gari, kowanne yana da inda yake tare hanya. Wani ƙaton mugu ne zai tsaya, wanda 'yan gem ke kira bos, ya ce ba a wucewa. Mai wasa ya gwada har yatsunsa su yi tsami, ya zagi Japanawa tas, sannan ya cusa na'urarsa a jaka ya hau keke napep sai shagon Rilwanu. Shi kuma ya karɓa, ya duba makaman da aka tara, ya girgiza kai don takaicin yadda mutane ke wasa da ka, kafin shayin baƙo ya huce ya kayar da bos ɗin ya miƙa wa mai kaya kayansa.

Tun yana yaro haka rabonsa yake. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne a kasuwar Kawo, gidansu ba a ma ɗauko zancen sayen gem. A gidan gem na unguwa kuwa Rilwanu ɗan tsaye ne a baya, ba a miƙa masa hannu sai wasa ya gagari mai shi, da ya ƙetarar kuma a karɓe. A haka ya girma, a haka ya auri Aziza, aka haifa musu Yasmin, abin ya zama sana'a.

Sai dai sana'ar ta yi masa wata ɓarna da ba wanda ya lura da ita. Japanawan nan a bakin bos suke ajiye sirrin labarinsu. A nan ne amini yake rikiɗewa ya koma maƙiyi, a nan ake gane cewa sarkin da ake ta yi wa hidima shi ne ya sa aka ƙone garin. Rilwanu ya ga cin amana kala-kala, amma bai taɓa ganin amanar ba kafin a ci ta. Mutum zai fito a talabijin yana dariyar mugunta, mai wasan yana gefe yana salati, shi kuwa Rilwanu bai san mutumin ba balle ya ji zafinsa. Abin da yake dubawa kawai shi ne wuta ce ke kama shi ko ƙanƙara.

To, a nan Ja'afaru ya shigo. Tare suka yi sakandare. Ɗan gidan ma'aikata ne a Unguwar Sarki, yanzu shi ma yana aiki a wata ma'aikatar jiha, yana da 'yar motarsa da ɗan tumbinsa. A duk masu kawo wa Rilwanu aiki babu mai mataccen hannu kamarsa, yatsun nan kamar an jiƙa su a kunu. Amma Allah Ya ba shi zuciyar da labari ke shiga kai tsaye. Ran nan a shagon, da aka nuna abokin tafiyar jarumi shi ne ɗan leƙen asirin maƙiya, Ja'afaru ya miƙe ya cire hula, ya nuna talabijin da yatsa.

"Ni za ka yi wa haka? Ni da na cire sulken jikina na ba ka? Allah Ya isa tsakanina da kai!"

Ya fita waje ya tsaya yana share ido, har mai caji ya leƙo yana tambayar ko rasuwa aka yi.

Bayan la'asar akwai majalisa a bencin ƙofar shagon, kuma majalisar ta Ja'afaru ce ko da yake bencin na Rilwanu ne. Ja'afaru zai zauna ya kwaso labari tun daga tushe, yana kwaikwayon murya, yana dukan cinya. Sagir mai walda, wanda bai taɓa ganin mugun da bai nemo wa uzuri ba, zai ce ai wannan ma zaluntarsa aka fara yi. Sai musu ya kaure har a kira magariba. Rilwanu yakan leƙo ya sa baki, ya ce ai bos ɗin ba shi da wuya, ka bari ya ɗaga hannun hagu sannan ka shige ta ƙasa. Sai a ce masa, "Haka ne, Oga," a juya a ci gaba da sauraron Ja'afaru.

Ƙyashi ne, ba sai an saya masa wani suna ba. Rilwanu bai taɓa ƙyashin motar Ja'afaru ba, ko ofishinsa mai fanka biyu. Hawayen nan yake ƙyashi. Shi ne zai yi gumi ya buɗe ƙofa, wani ya shiga ya kwashi daɗi da baƙin ciki ya fito yana rabawa a benci. Wani lokaci har yakan ji kamar ya faɗa wa Ja'afaru ƙarshen wasan da yake tsaka da shi, don dai ya ga fuskar nan ta bushe irin tasa. Bai taɓa yi ba, amma ya sha kaiwa bakin yi.

Da damina ta kama wani sabon wasa ya shigo, kowa ya rufa a kansa. Rilwanu ya fito majalisa ya yanke hukunci. Ya ce wannan dai kada wanda ya kawo masa, ko uban wa ya maƙale. Shi ma zai fara daga farko, ya bi shi a hankali kamar kowa, yana so sau ɗaya a rayuwarsa labari ya yaudare shi. Aka yi dariya, aka ce Oga zai koma aji ɗaya, amma aka yi masa alkawarin ba wanda zai yi zancen wasan a gabansa.

Ya riƙe maganarsa. Masu zuwa da wasan a jaka ya sallame su tun daga bakin ƙofa, wasu suka tafi suna ƙunƙuni. Ja'afaru da ya ga ba mai ƙetarar da shi sai ya mayar da nasa kan matakin 'yan koyo, inda bos ke faɗuwa ko da tari ka yi, ya riga kowa gamawa. Ranar ya iso da jajayen idanu, ya kwashe majalisa gaba ɗaya zuwa gindin dalbejiyar tsallaken titi don kada Rilwanu ya ji. Rilwanu yana cikin shago da hannun gem a kwance a gabansa, yana hango su suna ɗaga hannuwa, Sagir ya miƙe yana rantsuwa. Ya ƙona yatsa da zazzafan ƙarfen liƙi bai ma ji ba sai daga baya.

A gida yake nasa wasan, da rana idan an kawo wuta. Aziza tana gefe a kan tabarma tana manna duwatsu a mayafan da ake kawo mata. Da farko tsiya take masa.

"Abban Yasmin, babban mutum da kai ka zauna kana bin 'yan tsana a daji?"

Ba a yi mako ba ta fara tambayar ina aka kwana. Labarin wani saurayi ne da ruwa ya cinye garinsu yana jariri, ya taso a hannun wani tsoho mai girki. Tsohon yana biye da shi ko'ina da tukunya a goye, shi ne mai dafa wa ayari abinci, shi ne mai ɗaure rauni, shi ne mai raba faɗa. Sunansa na Japananci ya ƙi zama a bakin Aziza, ta sa masa Kawu. Idan ana yaƙi sai ta ajiye mayafi ta ce, "Ka ba Kawu magani mana, ba ka ga ya galabaita ba?"

Shi ma Rilwanu abin ya fara shigarsa. Akwai ranar da ya bar hanya ya yi yini guda yana neman wani ganye a bayan dutse, ba don yana ƙara ƙarfi ba, don dai tsohon ya ce yana marmarin miyar garinsu. Da tsohon ya karɓa ya yi godiya, Rilwanu ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ya ce a ransa ashe abin da suke ji ke nan. Murna ta hana shi zama, washegari ya fito majalisa da labari a bakinsa, yau shi ma yana da abin faɗa.

"Kai jama'a, tsohon nan mai girki ya shiga raina. Jiya fa..."

Tsaki ne ya kuɓuce wa Ja'afaru. Ɗan gajere, irin wanda baki ke yi kafin mai shi ya sani. Ya yi maza ya rufe da tari, ya ce, "Mutumin kirki ne. Mutumin kirki ne ƙwarai." Sagir ya sunkuya yana duba takalminsa kamar yau ya saya.

Rilwanu ya tsaya da sauran maganarsa a baki. Da a ce sun bar shi a haka, da wataƙila ya lallashi kansa ya ce kunnensa ne. Amma Ja'afaru ba ya iya barin abu. Ya taso ya riƙo hannunsa yana cewa, "Wallahi ba da gangan ba ne, abokina, bakina ne. Ka yafe ni don Allah." Ban haƙurin nan shi ya ƙarasa abin da tsakin ya fara.

Rilwanu ya zare hannunsa. "Duk wasan da ka yi kuka a kansa, Ja'afaru, ni na ƙetarar da kai. Guda ɗaya tak na roƙa a bar min."

Ya shige shago ya ja ƙofa. Daga ranar ba ya fitowa benci, Ja'afaru ya kira ya kira bai ɗauka ba.

Aziza dai bai faɗa mata ba. Ya ci gaba da wasan saboda ita, amma ɗanɗanon ya tafi. Duk murmushin da tsohon ya yi, Rilwanu yana ganin ƙugiyar da ke ciki. Ita kuwa tana nan tana yi wa Kawu sannu.

Ranar wata Asabar bayan azahar, ana yayyafi, Yasmin ta yi barci, suka iso saman wata tsohuwar madatsar ruwa. Tsohon ya sauke tukunyarsa a hankali, ya juyo ya dubi yaron da ya rena. Ya ce shi ne ya buɗe ruwan da ya cinye garin. Ya ce ya ɗauki jaririn ne saboda jinin gidan su yaron kaɗai ke buɗe ƙofa ta ƙarshe, kuma ga su a bakinta.

Farantin duwatsu ya suɓuce daga cinyar Aziza, suka watse a ɗaki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu? A'a. Abban Yasmin, ka karanta da kyau, ba haka ya ce ba." Ta matso har gaban talabijin ta karanta da kanta. Sai ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo. "Shi ya goye shi fa. Shi yake ba shi abinci a baki. Wallahi ni har addu'a nake masa a raina."

Rilwanu ba talabijin yake kallo ba, ita yake kallo. Abin da ya kori masu kawo aiki saboda shi, ya ɓata da amininsa saboda shi, ga shi nan ya sauka a ɗakinsa, a kan tabarmarsa, amma a kan wata. Ya ji ƙyashin matarsa, ya kuma ji kunyar jin hakan.

"Yaya kike ji?" ya tambaye ta a hankali. "Faɗa min yadda yake."

"Don Allah ka ƙyale ni."

Aka fara yaƙi da tsohon. Rilwanu ya gane lagonsa tun a zagayen farko, amma sai ya saki hannu ya bari tsohon ya kashe masa jarumi. Ya san idan aka faɗi, wasan zai koma baya ya sake nuna wurin. Yana so ya ƙara gani, ko a karo na biyu wani abu zai fantsamo masa daga gare ta. Tsohon ya sake sauke tukunya, ya sake juyowa. Rilwanu ya saci kallon Aziza. Ta durƙusa tana tsince duwatsunta ɗaya bayan ɗaya, tana jan hanci.

"Ba za ki kalla ba?"

"Na kalli me? Ai na riga na sani." Ta goge ido da gefen zane, sannan ta ɗago. "Malam Ja'afaru ya gama wasan nan, ko?"

"Ya gama."

"Kira min shi, ka sa a sifika. Cikina ya cika, sai na yi magana da wani. Shi ne zai gane."

Rilwanu ya ajiye hannun gem ɗin. Ya ɗauko waya, ya nemo lambar da ya ƙi ɗauka duk kwanakin nan, ya danna. Bugu ɗaya Ja'afaru ya amsa da murna, yana cewa abokina, abokina, ka huce ke nan?

"Ba ni ba ne," in ji Rilwanu. "Maman Yasmin ce ke son magana da kai."

Ya miƙa mata wayar.