Takin Da Na Gayyato

Da mahaifinmu ya rasu, aka raba mana gonarsa ta bayan garin Sinja gida biyu, ni da ƙanena. Kowa ya samu gawo ɗaya a rabonsa. Ni na sare nawa na yi gawayi, wai yana cin fili. Shi ya bar nasa.

Shekara uku ban yi farin ciki da kaka ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa dawa rana. Da rani kuma ya yi lif, awakin gari su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar masa kashi. Dawar ƙanena a gindin bishiyar nan sai ta fi ni tsawo, tawa kuwa da kyar take kai ƙirji. In mutane suka tsaya suna yabonta, sai in ji kamar ana zuba mini barkono a ido. Yaron da na koya wa riƙon hauya!

Ban iya tambayarsa ba, girman kai ya hana. Na ce ai sirrin kashin awaki ne kawai. Da wasu makiyaya suka biyo ta bakin kogi, na roƙe su suka zauna da awakinsu kwana goma a gonata, har shayi na riƙa kai musu.

Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, awakin ga ina sunka yi kiwo?"

Na ce, "Ina ruwanka? Naka kaɗai aka halatta wa taki?"

Ashe 'ya'yan miskit suka ci a hanya, wata bishiyar ƙaya da ta cinye gonakin mutane. Irinta ba ya mutuwa a cikin akuya, sai ma ya fito da takinsa. Ruwan farko na sauka, gonata ta yi kore shar, na yi murnar kwana biyu kafin in duƙa in gane ganyen.

Shekara huɗu muna haƙar saiwa, ni da shi, don kullum da gatarinsa yake zuwa, kuma bai taɓa cewa ya faɗa mini ba. Wannan shirun ya fi komai ƙona mini rai. In rana ta take, babu wata inuwa a wurin sai gawonsa. Can nake zuwa in zauna, ina kallon kututturen gawon da na sare.