Ranar da Gaɓa ta Danne Hure

Matata Hure ta rasu a wurin aikin layin dogo, tsakanin Tsafe da Gusau, da kwandon ƙasa a kanta. Ni aka ɗebo aikin, ba ita ba.

Ku yaran yanzu da ƙafarku kuke zuwa neman lebura. A lokacinmu Bature ke gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya bi gida gida: kowane gida mutum ɗaya. Daga gidanmu na 'Yankuzo ni na tafi. Aikin shi ne a sare tudu, a kwashe ƙasar a kwando, a cike kwari. Kowace ƙungiya da helumanta, wato shugaban lebura. Namu Tanko ne, mutumin Bungudu.

Kurkunu ya fito mini a ƙafa, na kasa takawa. Ƙa'ida kuwa, in mutum ya kwanta, gidansu ya kawo madadi. Ɗanmu Sani kaɗai ya rage a gona, gero ya isa yanka, ga 'ya'yansa ƙanana. Hure ta zo kawo mini fura da magani, ta ji za a aika a ɗauko shi.

Ta ce wa Tanko, "Kai ake ƙirgawa ko gemu?"

Ya ce, "Kai ake ƙirgawa, Inna."

Ta naɗa gammo za ta ɗauki kwando a madadina. Na ce, "Ke, da jikokinki?"

Ta ce, "Malam, in an ɗauke Sani, jikokin ƙasa za su ci?"

Ita ce ungozomar garinmu. Ko a shekarar yunwa ba ta taɓa sauke tukunya ba ta aika wa maƙwabta ba. Samarin ƙungiyarmu da yawa ita ta yanke musu cibiya.

Ana haƙa tudun ta ƙasa don aiki ya yi sauri. Kowa ya ga gaɓar ta tsage. An gaya wa Tanko, ya ce a ci gaba. Da hantsi ta rufto. Da aka tono Hure, rai ya yi halinsa.

Tanko ya ce, "A sa ta nan gefen ciko a rufe. Bature na tafe duba aiki."

Na jawo ƙafata har gabansa. "Tanko, akuya ce?"

"Baba, babu mace a sansanin nan. Wa zai wanke ta?"

Samarin suka ajiye diga, suka zauna a ƙasa. Ya ɗaga bulala, babu wanda ya motsa. Akwai matan Fulani masu tallan nono a gindin kuka, tsohuwar cikinsu ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Ku kawo ruwa, ku juya baya." Matan suka kewaye Hure da zannuwansu suka yi mata wanka. Ban san sunan ko ɗaya ba. Wani dattijo ya warware rawaninsa aka yi likkafani. Aka sallace ta, yaran suka ɗauke ta a kafaɗa har 'Yankuzo, ni a kan jaki a bayansu.

Muna zaman makoki ɗan saƙon dagaci ya yi sallama. Na ɗauka ta'aziyya ce. Ya ce gidanmu bai cika kwanakin aikinsa ba, a ba da madadi. Suka tafi da Sani. Geron ya zube a gona.

Abin da na koya ke nan: wanda kuke sara tare shi zai ɗauki gawarka. Na sama, a gama aiki kawai ya sani.

Yanzu ina Sabon Garin Gusau, ina gadin rumbun auduga. Tanko ya tsufa, yakan gaishe ni a kasuwa. Ban taɓa amsawa ba.