Igiyar da ke Ƙafar Vuthy

Abokin aikina Vuthy bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Ko shinkafa a tsaye yake cin ta. Sai ga shi aikinmu na natsuwa ne: ni a wannan gefen fili, shi a wancan, igiya ɗaure daga ƙafata zuwa tasa, gafiyarmu Malis tana bin igiyar tana sunsunar ƙasa. In ta ji warin nakiyar da aka binne tun zamanin yaƙi, sai ta tsaya ta yi tono. Ba ta da nauyin da zai tayar da ita.

Kullum igiyar rawa take yi.

"Yaya, daina kaɗa ƙafa, kana ruɗa ta!"

"Kai dai ka cika mita. Kiɗa nake yi mata."

A wani ƙauye na lardin Preah Vihear muka share gonar wata tsohuwa, Kaka Sarem. A gonar nan ɗanta ya taka nakiya ya rasu. Muka gama, damina ta kawo kai, ita kuwa ta ƙi shiga.

"Jikana, ɓera fa!" in ji ta. "Tun ina yarinya yake cinye mini shinkafa. Yau shi zan ba amanar ƙafafuna?"

Vuthy ya kasa sukuni. Ya je, ya dawo, ya sake komawa. In wannan ruwan ya wuce ta, bana ma sai dai ta ci a hannun maƙwabta. Ranar hutunmu ya aro ɓaunar noma da garma, ya tuɓe takalmi, ya shiga. Ya bi gonar kusurwa-kusurwa.

"Kaka, ƙirga ƙafafuna! Har yanzu biyu ne!"

"Ja'iri! Layinka ma a karkace yake. Ba ni garmar nan."

Ta shiga.

Bai ga girbin ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, shi da ko barci ba ya kwantarwa sosai, kuma bai tashi ba.

Da lokacin girbi ya yi, Kaka Sarem ta zo sansaninmu da sabuwar shinkafa a ƙullin ganye. Ta ce in kai wa mahaifiyarsa. Sannan ta daɗe tsaye gaban kejin Malis, ta ciro ayaba daga cikin gyalenta.

"Ungo, ɓarauniya."

Yanzu an haɗa ni da wani, mutumin kirki, mai natsuwa. Igiyar ba ta motsi ko kaɗan. Ni ne nake ta ɗaga kai ina duban wancan gefen.