Yadda Asabe Ta Ɗago Ido

Ana idar da sallar asuba a masallacin unguwarsu a Tudun Wada, Asabe Elisha tana bayan madafi. Ta dafa bango da hannu ɗaya, ta ware gwiwoyi, ta sauko rabi kamar mai shirin zama a kujerar da babu ita. A haka take tsayawa kullum har ruwan koko ya tafasa. Shekarunta hamsin da biyu, gwiwar hagu kuwa tana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Mijinta Amos, mai gyaran injin niƙa, ya leƙo da asawaki a baki.

"Uwar Markus, ko in sawo miki kujera?"

"Sawo wa bakinka murhi," in ji ta, ba ta ko motsa ba. "Ka tahi wurin injinanka."

Ya wuce yana dariya. Wata biyar ke nan yana wannan tsokana, ita kuma ko rana ɗaya ba ta fasa ba.

A Tsafe aka haifi Asabe. Mahaifinta aikin jirgin ƙasa ya kawo shi daga kudancin Kaduna, ya zauna har mutuwa, saboda haka Hausar Zamfara ce a bakinta. Ta soya ƙosai shekara goma sha ɗaya, ta yi girki a makarantar kwana, ta raini 'ya'ya huɗu, ta binne ɗaya. A Zumuntar Mata ta cocinsu ita ce mai buga tulu, kuma ba a taɓa jin ta kuskure kiɗa ba. Daga baya ta samu aikin girki a gidan wani injiniya Ba'indiye da ke aiki a kamfanin man angurya a Gusau. A gidan na san ta, ni ce mai wanki da guga. Ban cika yarda da labarin da mutum yake bayarwa a kan kansa ba, don haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Injiniyan yana da uwa, Mama Sarada, tsohuwa 'yar ƙarama mai shekara saba'in da wani abu. Ta taɓa zama a Gusau da mijinta zamanin da masaƙa take aiki, kuma ta riƙe Hausar kasuwa da ta koya a lokacin. Tana budurwa rawa ta koya a garinsu, rawar da suke kira Baratanatiyam. Yanzu ƙafa ta ƙi. Sai ta zauna a baranda da hantsi, ta ajiye guntun katako a gabanta, tana buga shi da ɗan sanda tana cewa tai-ya-tai, tai-ya-tai, ita kaɗai.

Wata rana Asabe tana yanka albasa kusa da taga, wuƙarta ta shiga bin sandan. Tsohuwar ta ƙara sauri, wuƙa ta ƙara. Ta rage, wuƙa ta rage.

"Asabe, zo. Cire takalmi."

Asabe ta ɗauka irin rawar fim ce, ta kaɗa ƙugu da murguɗa kafaɗa. Tana fara girgiza, Mama ta ɗan buge ta da sanda a baya.

"Ƙugu ya zauna. Baya ya miƙe. Ƙafa ce take magana."

Mako shida ba abin da ta yi sai saukowa rabi da buga tafin ƙafa a siminti, dama, hagu, dama, hagu. Tana gamawa ta koma kan tukunya tana ɗingishi. Kafin a fara, Mama takan sa ta taɓa ƙasa da yatsu. Asabe ta tsaya ta tambaya ko bauta ce, don ita tana da nata addinin. Mama ta ce a wurinsu ƙasa uwa ce, wanda zai yi ta dukanta da ƙafa sai ya fara neman afuwa. Ta ce a imaninsu duniyar nan gaba ɗaya rawar ubangiji ce, da takunsa ake halitta, da takunsa abu yake ƙarewa, mai rawa kuwa ɗan kwaikwayo kawai take yi. Asabe ta ce ita dai ƙasa ta Allah ce, za ta taɓa ta tana gode wa wanda ya shimfiɗa ta. Mama ta ce ya yi. Ba su sake tayar da zancen ba.

A cikin wata na uku Mama ta buɗe wani ƙaramin akwati ta nuna mata akayau guda biyu, fata ce aka jera mata ƙananan ƙararrawar tagulla layi huɗu. Nata ne tun tana 'yar shekara goma sha biyar. A al'adarsu ɗaliba ba ta ɗaura wa kanta, sai malama ta gamsu ta miƙa mata. Mama kuma za ta koma gida ƙarshen damina, ta ce ba za ta sake hawa jirgi ba. Asabe ta kalli akayau ɗin nan. Tunda take, duk abin da ta taɓa so na 'ya'ya ne ko na miji. Wannan karon kanta take so wa.

Ƙafa ta zauna, hannu ma ya fara kamawa, ta iya yin siffar fure da ta barewa da yatsu. Ido ne ya gagara. Rawar nan rabinta a fuska take, ido ya bi hannu, ya zaro, ya lumshe, ya yi fushi, ya yi roƙo, kuma duk a kan mai kallo. Mai kallon nan kuwa Mama ce. Asabe ta tashi a gidan da yaro ba ya haɗa ido da babba. Wadda ta girme ka, ga ta malama, ga ta uwar maigida, idonka na ƙasa. Duk lokacin da Mama ta ce "kalle ni," sai Asabe ta ƙara sunkuyawa, a ganinta ladabi take ƙarawa.

Ran nan Mama ta ajiye sandan.

"Kina jin kunyar rawata. Kin ɗauka abin banza ne. To, bari."

Ta shige ɗaki. Kwana huɗu ba a ji ƙarar katako a gidan ba. Asabe ta rasa laifinta. Ta ƙona shinkafa sau biyu, abin da ban taɓa gani ba. Saura mako biyar tafiyar Mama.

Rana ta biyar ta soya irin ƙosan Indiyawa mai huda a tsakiya, ta kwashe a faranti. Lukuman direba ya shigo wai neman ruwa, ya zura hannu ya cusa ɗaya a baki. Asabe ta juyo. Ta ɗaga gira ɗaya, ta zaro ido, ta auna shi daga hula har takalmi, ta dawo kan kumatunsa da suka cika, sannan ta watsa masa harara. Lukuman ya haɗiye da zafinsa.

"Inna Asabe, wallahi ɗanɗana gishiri nikai."

"Gishirin ya kai, ko in ƙaro maka da ludayi a ka?"

Ashe Mama tana bakin ƙofa.

"Ga su nan," ta ce, tana nuna fuskar Asabe da yatsa. "Ido biyu masu kyau. Kina ba direba, ni kin hana ni. Don me?"

Asabe ta durƙusa, kai a ƙasa. "Mama, shi yaro ne. Ke babba ce. A wurinmu wanda ya zuba wa babba ido bai da tarbiyya."

Tsohuwar ta tsaya tana juya maganar, sai ta fashe da dariya har ta dafa firji. Ta ce shekara tara ta yi a garin nan a da, ta ɗauka mutane ƙasa suke so su kalla. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce su idan sun je ɗakin bauta, kallo ne ya kai su. Mutum ya kalli ubangijinsa, ya bari shi ma a kalle shi, albarkar ke nan. Wanda ya ɓoye ido kamar ya rufe wa baƙo ƙofa ne.

Asabe ta gane. Amma ganewa ba ta ɗaga wuyan da ya yi shekara hamsin yana sunkuyawa. Washegari ta gwada, ido ya hau har haɓar Mama ya gangaro. Rana ta biyu ma haka. A gida ta gwada a kan Amos, ya ce shi ai shekara talatin yana shan wannan kallon, ba sabon abu ba ne.

Ranar Laraba wata Bafulatana daga wajen Bungudu ta kawo man shanu kamar yadda ta saba. Mama ta karɓi ƙwaryar da kanta, ta kira Asabe baranda. Ta ba ta labarin yadda a addininsu ubangiji ya zo a siffar yaron makiyaya, ɗan ƙiriniya mai satar man shanu, uwarsa tana binsa da faɗa. Ta ce ya zama yaro ne don mutane su iya ƙaunarsa ba tare da rawar jiki ba.

"Mu ma namu Ubangijin yana jariri a komin dabbobi aka kwantar da shi," in ji Asabe.

"To kin sani. Yau ke ce uwa. Ni ne yaro."

Kafin Asabe ta ce wani abu, tsohuwar ta lallaɓa ta sauka ƙasa, ta dangwali man shanu ta shafa a baki har hanci, ta ɓoye hannu a baya, ta turo baki tana girgiza kai wai ba ita ba ce. Ta miƙo mini sandan, ta ce in buga. Na ajiye dutsen guga na buga yadda na saba ji.

Asabe ta sauko rabi, ta buga ƙafa, ta tako. Ta kalli ƙwarya. Ta kalli ƙasa. Sai ta hango man nan a kan hancin tsohuwa, furfura a sama, baki a ture. Girarta ta hau da kanta. Ta zaro ido a kan Mama sosai, ta nuna ƙwarya da hannu, ta nuna bakin, ta ɗora hannu a ƙugu. Mama ta ƙara girgiza kai. Asabe ta yi mata irin kallon da take yi wa Markus in ya dawo da riga a yage, ta riƙe shi har aka gama zagaye uku na kiɗan. Sannan fuskarta ta sake, ta kama haɓar tsohuwar tana goge mata hanci da gefen zane, su biyun suna dariya har hawaye.

Daga ranar wuya ya saki. Ba wai ta ƙware ba ne, Mama ta ce a garinsu irin wannan matakin na 'yan shekara bakwai ne. Amma ana saura kwana biyu tafiya ta sa aka share falo, ta kunna fitilar mai, ta gayyato Amos. Ya zo da kaftaninsa na Lahadi ya zauna a gefen kujera. Mama ta buɗe akwati ta miƙa wa Asabe akayau da hannu biyu. Asabe ta ɗaura, ta yi rawar buɗe fage ta minti huɗu, ƙararrawa suna amsa kowane taku. Ta kuskure sau ɗaya a juyi, ta ci gaba. Da ta gama Amos ya buɗe baki zai yi tsokana, bai samu ba, sai ya cire hula ya mayar.

Ni a wannan makon na bar aikin, ciwon baya ya mayar da ni Bungudu wurin ɗiyata. Ganina na ƙarshe da Asabe shi ne da hantsin da motar Mama ta fita zuwa Kano. Ta tsaya a bakin ƙofar gida, ta haɗa tafukan hannu, ta kalli tsohuwar ta gilashi ido cikin ido har motar ta sha kwana. Sannan ta koma ciki, ta ɗauko akayau, ta naɗe su a sabon ɗankwali, ta sa a ƙasan jakarta, ta ɗauki kwandon cefane ta fita neman keke napep.