Yadda Maƙi-yoyo ya zaɓa wa Auta makaranta

A unguwarsu babu mai kiransa da sunan yanka. Yara da manya Maƙi-yoyo suke ce masa, kuma sunan ya bi jiki. Mutum ne da zai zo gaishe ka da jiki, yana tsakiyar yi maka sannu sai ka ga ya karkata kai gefe guda, ya ɗaga yatsa. Ya ji famfo yana ɗiga a bayan gida ke nan. Ba zai ƙarasa gaisuwar ba sai ya tashi ya je ya ɗaure shi, sannan ya dawo yana share hannu a wando, ya tambaye ka inda aka tsaya.

Shekara talatin ya yi yana gyaran famfo. Daga aji uku ya bar makaranta ya bi wani tsohon maigidansa ɗaukar jakar kayan aiki, tun daga nan bai sake zama a benci ba. Karatunsa bai wuce ya gane lambar da ke jikin bututu ya sa hannu a takarda ba. Amma akwai wani karatu da babu mai ja da shi a kansa. Yakan ce falo maƙaryaci ne, kowa yana iya share shi saboda baƙi, in kana son sanin gida ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin kwamin wanke-wanke. Daga abin da ya toshe bututu yake gane gida mai yara da yawa, da gidan da ake girki kullum, da gidan da matar ta yi tafiya ta bar mijin da tukwane.

Gidansa ne kaɗai ya gagare shi. Famfon tsakar gidansu wata biyu yana ɗaure da tsumma, kullum sai gobe.

"Baban Auta," in ji matarsa, "ni fa na yanke shawara. Zan koma gidan maƙwabta in buga maka waya a matsayin baƙuwa, wataƙila ka zo."

'Ya'yansa maza uku duk sun kama sana'a, ɗaya walda, biyu tuƙi. Auta ce mace tilo, shekararta goma sha huɗu, kuma ita ce ta zo da ciwon kai mai daɗi. Wata rana yana zaune yana ƙorafin wani tankin bene da ba ya cika kafin a ɗauke ruwa, ta tambaye shi girman tankin da minti nawa bokiti yake cika a famfon gidan. Ta yi 'yan rubuce-rubuce a bayan kwalin sabulu, ta ce masa ko an kwana ana turawa bututun ya yi siriri, a sa wanda ya fi shi faɗi. Ya je ya sa. Tanki ya cika har ya yi ambaliya. Sati guda ya yi yana yawo da kwalin sabulun nan a aljihu yana nuna wa mutanen da ba su tambaye shi ba.

Don haka bai yi mamaki ba da malaminsu na lissafi ya kira shi ya ce yarinyar nan makarantar kimiyya da lissafi ta dace da ita. Akwai guda biyu da za ta iya zuwa ta dawo kullum, wata tsohuwa a bayan tashar mota, da wata sabuwa a bakin babban titi. Gurbin zaɓi ɗaya ne kawai a fom ɗin, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. Murna ta kama Maƙi-yoyo, tsoro ya biyo bayanta a guje. Shekara uku na rayuwar yarinya aka ɗora masa a hannu, shi da bai san me ake yi a ɗakin gwaje-gwaje ba. In ya zaɓa mata tumun dare, da wane ido zai dube ta?

Yayan matarsa, wanda yara suke kira Kawu Akawu saboda aikin ofis da yake yi, shi ba ya cikin ruɗu ko kaɗan. Ya zo da takardar tallar sabuwar makaranta mai sheƙi, ya shimfiɗa ta a kan tabarma.

"Wannan ai ba abin shawara ba ne," in ji shi. "Ka dubi gini. Ka dubi tayil. Ka bar mana harkar boko, mu da muka san ta."

Auta ta ƙura wa hoton ido, ɗalibai sanye da fararen riguna irin na likitoci, ta ce ita dai nan take so. Maƙi-yoyo ya ce to, amma gani ya kori ji, a je a duba duka biyun.

Ranar Talata suka fara da tsohuwar, shi da Auta, daga wurin aiki ya biya ya ɗauke ta, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Fentin ginin ya koɗe, ƙofar ofis sai an ɗaga ta take rufuwa. Wata malamar kimiyya, gajera mai saurin magana, ta zagaya da su. Suna shiga ɗakin gwaje-gwaje wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya tare su. Tebura duk tabon ƙuna, ɗalibai kusan arba'in suna ta hayaniya a kan wasu 'yan kwalabe. Auta ta toshe hanci da gefen mayafi.

Malama tana bayanin sakamakon jarrabawar bara, shi kuwa kansa ya riga ya karkata. Kwami na uku daga taga ya cika da ruwa ya ƙi wucewa, an kuma ɗaure bututunsa da robar taya. Wannan ɗaurin ya fi komai ƙona masa rai.

"Malama, wane mara tsoron Allah ne ya yi muku wannan aikin?"

"Ni ce," in ji ta.

Bai ko ji kunya ba. Kafin Auta ta ce "Baba, don Allah," ya riga ya kwanta rigingine a ƙasa, rabin jikinsa cikin kabad, ƙafafunsa a waje. Ya kwance gwiwar bututun, ya zazzage abin da ke ciki a kan tsohuwar jarida. Ga fasassun kwalaben gwaji, ga ƙonannun tsinkayen ashana fiye da hamsin, ga yashi, ga ƙwayoyin wake guda shida da suka tsiro har da saiwa. Ɗalibai suka bar aikinsu suka kewaye shi suna shewa. Wata ta ce waken ajinsu ne da ya ɓata tun wancan watan. Malama ta yi dariya har ta dafa tebur.

Ya wanke gwiwar, ya mayar, ya ɗaure da kyau, ruwa ya wuce da ƙara, aka yi masa tafi. Ya waiga neman Auta, sai ya hango ta can bakin ƙofa, ta juya baya, kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Suka koma gida. Da ta shiga ɗaki sai ya ji ta tana gaya wa mamanta cikin kuka cewa ita ko an ɗaure ta ba za ta koma wurin da aka ga babanta kwance a ƙasa ba. Maganar ta soke shi sosai. Ya zauna a bakin famfon nan mai tsumma. Da matarsa ta fito, shi ya fara magana.

"Maman Auta, gobe ba zan ɗauki jaka ba. Hannuna a aljihu zai zauna. Na yi alkawari."

Ranar Laraba ya sa kayansa na zuwa ɗaurin aure, Kawu Akawu ya jagorance su. Sabuwar makaranta kam ta amsa sunanta. Furanni a jere, ƙasa tana ɗaukar ido, shugaban makarantar mutum ne mai fara'a da ya iya karɓar baƙi. Ya buɗe musu ɗakin gwaje-gwaje da mabuɗi. Babu wari, babu tabo. Na'urori a lulluɓe da leda, kwami goma sha biyu a jere farare fat. Kawu Akawu sai gyaɗa kai yake yi yana "Ka gani ko? Ka gani ko?"

Maƙi-yoyo ya cusa hannu biyu a aljihu ya tsaya ƙiƙam. Ya kasa kunne, bai ji komai ba. Duk tsawon aikinsa bai taɓa shiga ɗaki mai famfo goma sha biyu ya rasa ko guda da ke ɗiga ba. Ya dubi kwamin da ke kusa da shi, takardar kamfani tana nan manne a gindinsa, ba ta ko jiƙe ba. Gumi ya karyo masa. Gwiwarsa tana son durƙusawa, alkawari yana riƙe da ita. Ya mai da idonsa kan silin.

Auta ta san fuskar babanta. Ta dube shi, ta dubi kwamin, ta sake dubansa. Sai ta matsa ta murɗa kan famfo. Shiru.

"An ɗauke mana ruwa yau," in ji shugaban makaranta.

Auta ta mayar da kan famfon. Ta ciro gorar ruwanta daga jaka, ta tuttule ta duka a cikin kwamin. Ruwan ya wuce salin-alin, sannan ya ɓullo ta ƙasan ƙofar kabad, ya gangara a kan tayil, ya tarar da takalmin Kawu Akawu da ya sha goga tun safe. Kawu ya yi tsalle yana salati. Auta kuwa ta tattare siket ɗinta ta durƙusa, ta buɗe kabad ɗin ta cusa kai. Kwalaye ne a ciki da ƙura. Babu bututun shigowa, babu na fita, ko bangon ma ba a huda ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce daga inda take, "shekara nawa da buɗe makarantar?"

"Uku," in ji shi, murya ta ɗan yi ƙasa. Ya ƙara da cewa aikin ruwan yana cikin shirin baɗi, kafin nan ɗalibai a allon bango suke kallon gwaje-gwaje, kuma suna fahimta ƙwarai.

Maƙi-yoyo bai cire hannu daga aljihu ba. Amma daɗin da ya ji a ransa ya kusa ɗaga shi sama. Durƙuson ma irin nasa ne, gwiwar hagu a ƙasa.

A hanya Kawu Akawu yana tafe takalmi na ƙara, ya ce shi dai har yanzu ginin ya burge shi. Da suka isa gida Auta ta ɗauko fom ta ajiye a gaban babanta ta ce wacce za a rubuta.

"Auta, ni ban yi boko ba," in ji shi. "Ban san wacce ta fi malamai ba, kada in cuce ki. Ruwa kawai na sani. Inda ake aiki bututu yana toshewa. Sauran ke za ki faɗa."

Ta rubuta sunan tsohuwar da hannunta. Ta ci jarrabawar rubutu, aka kira ta ganawa da malamai bayan wata guda.

Ranar ganawar ya raka ta, amma ya ƙi shiga ko farfajiyar ofis, don kada wani ɗalibi ya gane shi ya tayar da tsohon zance. Ya samu benci a bayan ginin, ƙarƙashin wata taga, kusa da wani uba mai jiran ɗansa. Bai san tagar ɗakin ganawar ba ce sai da ya ji muryar malamar nan mai saurin magana. Kunnen da ke jin ɗigo ta cikin bango kuwa, taga ba za ta hana shi ji ba.

Aka yi wa Auta tambayoyin lissafi, ta amsa. Sai wani malami mai kaurin murya ya ce, "Makarantu biyu ne a gabanki. Me ya sa kika zaɓi tamu?"

"Saboda kwaminku yana toshewa," in ji Auta.

Dariya ta ɓarke a ɗakin. Da ta lafa, ta yi musu bayanin ashana da yashi da waken da ya tsiro, da kuma gorar ruwan da ta zuba a wani wuri.

"Wa ya koya miki wannan?" in ji malamin.

"Babana. Mai gyaran famfo ne. Shi ne wanda ya kwanta a ƙasa a ɗakin gwaje-gwajenku, in kun ji labari. Yana waje, ya ƙi shigowa wai kada in ji kunya. Ni kuma so nake ku gan shi."

Maƙi-yoyo ya sunkuyar da kai. Mutumin da ke gefensa ya ga hawaye na sauka a kan babbar riga, ya dafa shi ya ce ya yi haƙuri, in ba a ɗauki yaron bana ba akwai baɗi. Shi kuwa Maƙi-yoyo sai girgiza kai yake yi yana dariya. Can sai tagar ta buɗe a saman kansa, malama ta leƙo da takardar shiga a hannunta.

"Baban Auta, ka zagayo ta ƙofa mana. 'Yarka ta ce ba za ta karɓi takardar nan ba sai kana tsaye."

Ya miƙe, ya share fuska da hannun riga, ya gyara zaman hularsa, ya zagaya.