Surajo Mai Hawa Bayan Aikinsa

Da sassafe, kafin masu jiragen ruwa su fara sauke kifi a bakin tafki, Malam Surajo bakanike ya riga ya buɗe rumfarsa da ke hanyar kasuwar Warra. Ya share ƙasa, ya jera sifanoni a kan tsohon buhu, ya zauna yana jiran aiki. A da, kafin ya gama shara mashina sun yi layi. A 'yan watannin nan kuwa, sai rana ta take babu wanda ya tsaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma raina a ɓace yake.

Duk mai ɗaukar kwandunan busasshen kifi ko buhunan shinkafa a mashin ya san ƙafar baya ce ke fara mutuwa. Ta lanƙwashe, wayoyinta su tsinke, irinta kuma ba ta samuwa sai an je Yelwa. Surajo ne ya fara ciro ƙafar wani samfurin mashin mai ƙarfi yana ɗora wa ƙarami. Aikin ba cusa wannan a gurbin wancan ba ne. Sai sarƙa ta miƙe sak da haƙoranta, sai sandar birki ta kama, sai ya goge ƙarfen da ke cike giɓi da hannunsa har ƙafar ta zauna tsakiya. Idan ya gama, ba ya miƙa makulli ya juya baya. Hawa yake yi bayan mai mashin, su gangara har bakin ruwa, ya ce, "Taka birki! Ƙara takawa. In za ta kada wani, ta fara da ni." Kowa a Warra ya taɓa ganin wannan.

To, sai ga Auwalu ɗan acaba ya zo ranar kasuwa da wata ƙafa da ya samo, yana sauri, kifin mutane na jiransa. Surajo ya gwada, ya ce, "Wagga ba ta zama. Birkinta ba shi kamawa, ka bari in nemo wadda ta dace." Auwalu ya ja mashin ɗinsa ya tafi wani wuri, aka ɗora masa ita a tsaitsaye, aka ɗaure sandar birki da waya. A gangaren hanyar Yelwa ƙafar ta cije, ya faɗi da kayansa, ƙafarsa ta dama ta karye.

Kafin a kai shi wurin ɗori, magana ta zaga gari: ai aikin Surajo ne, ai shi ke haɗa ƙafar wani da jikin wani. Haba jama'a! Ku ji tsoron Allah. Wa ya ga Surajo a bayan Auwalu ranar nan? Ko mutum ɗaya? Ku da kuka yi shekaru kuna kallonsa yana gangara bakin ruwa a bayanku, farin gemunsa na kaɗawa, ku ne kuka fi kowa yayata ta a majalisa. Wasunku da na sani ido da ido, ƙafar da ya ɗora musu ce har yau ke kai matansu asibiti. Kunya ba ta kama ku ba?

Na same shi na ce, "Baba Surajo, ka san wanda ya yi aikin nan. Ka faɗi sunansa mana, ka huta."

Ya ce, "In na faɗi, ƙafar Auwalu ta miƙe? Mai iyali ne, kuma ya ji tsoro, ba shi ƙarawa. Bar shi."

Ni dai ban bar shi a zuciyata ba, amma na kama bakina saboda kai, Surajo. Kai ne ka yarda rumfarka ta bushe don kada ta wani ta rushe. Kai ne ka aika aka ɗauko mashin ɗin Auwalu daga inda ya faɗi, ka ajiye shi, ka nemo ƙafar da ta dace, ba tare da kowa ya sa ka ba. Inna Dije, mahaifiyar Auwalu, ta gaya mini da bakinta cewa kai ka fi kowa zuwa duba ɗanta, alhali ita ma a farko ta zage ka.

Mun gode, Surajo. Allah Ya saka maka, Ya ƙara wa hannunka albarka. Ku kuma masu gyara, in ba za ku iya hawa bayan aikinku ba, kada ku ba mutum makulli.

Ranar kasuwar da ta wuce, Auwalu ya zo rumfar yana ɗingishi. Ya hau mashin ɗinsa da Surajo ya ɗora wa ƙafar da ta dace, ya tayar, Surajo ya tattare rigarsa ya hau bayansa. Maimakon ya gangara bakin ruwa, sai Auwalu ya juya kan mashin ya ratsa tsakiyar kasuwa a hankali, yana ɗaga murya: "Ku dube shi da kyau! Yau ne ya fara hawa bayana. Ran da na faɗi, ni kaɗai ne."

Masu majalisa suka sunkuyar da kai. Surajo kuwa bai dubi kowa ba. Ya dafa kafaɗar Auwalu ya ce, "Bar surutu, taka birki in ji."