Goyon da Ya Kai Mu Kotu

Shari'o'in da na tsaya wa gwamnati a shekarun da na yi ina aikin lauya, yawancinsu sun bi iska, ko an tambaye ni ba zan iya kawo su ba. Amma akwai wata guda da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. A shekarun 1970 ne, lokacin da aka gama dam ɗin Tiga, ruwa ya fara taruwa yana cin gonaki da gidaje, aka shiga tashin ƙauyuka ana mai da su kan tudu. Ina da ƙuruciya a lokacin, ga baki, ga gajen haƙuri, kuma aikina shi ne in an kai ƙarar ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana a kan abin da ya yi a bakin aiki, ni ake turawa in kare shi.

Ƙarar da aka miƙo mini ta wani kofur ce. An tura shi da 'yan sandansa su tabbatar ba a bar kowa ba a wani ƙauye da ruwa ya riga ya shigo wa. Kowa ya fita, sai wata tsohuwa da mijinta ya rasu ta ce ita ba inda za ta, a ɗakin nan za ta mutu. Mai unguwa ya yi lallashi, liman ya yi, ta ƙi. Shi kuwa kofur sai ya kutsa cikin gida, ya saɓo ta a baya tana kuka, ya ratso ruwa da ita a gaban jama'a ya sauke ta a mota. Ƙanin mijinta ya kai ƙara, ya ce an keta musu gida, an ci mutuncin matar yayansa. Mutane dama zuciyarsu a kusa take saboda gonakin da suka rasa, sai duk fushin ya tattaru a kan kofur. In laifin ya tabbata, za a tuɓe masa kaki, ƙila ma ya ga gidan yari, ga shi da mata da 'ya'ya ƙanana.

Na same shi a Tudun Wada, inda za a yi zaman. Dogo ne, baƙi, mai sanyin murya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Na ce ya ba ni labari tun daga farko.

Ya ce, “Yallaɓai, na ɗauke ta.”

Na ce, “Wannan ai kowa ya gani. Me ya sa ba ka sa mata sun fito da ita ba? Me ya sa kai da kanka?”

Ya ce, “Haka Allah ya ƙaddara, Yallaɓai.”

Kai, ranar na ji haushi! Na buga tebur na ce ni ba wa'azi na zo ji ba, aikinsa ne ke shirin zubewa. Ya sunkuyar da kai kawai. Na fito ina cewa a raina, wannan bawan Allah ko dai ya gaji da albashi ne.

Washegari na sa direba ya kai ni sabon matsugunin da aka mai da mutanen. Wuri ne fetal, ba inuwar kirki, ɗakuna sababbi ƙasarsu ko bushewa ba ta gama ba. Na yi sallama, na durƙusa na gai da tsohuwar. 'Yar ƙarama ce, tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta amsa da fara'a, ta sa aka kawo mini ruwa, har da tsokanata wai lauya ne ni ko ɗan makaranta. Muka yi hirar tsohon garinsu, ta lissafa mini tsamiyar ƙofar gida da rijiyar da mijinta ya haƙa. Amma ina ambaton kofur, sai ta ɗauke kai ta kalli bango, ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska. Na yi tambaya, shiru. Na sake, shiru. Na ɗauka tsoro ne ko baƙin ciki, na yi sallama na miƙe. Har na kai bakin zana, sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, ba tare da ta dube ni ba, “Wancan ɗin, ba su dai rufe shi ba ko?”

Na ce ba a rufe shi ba. Ta ce, “To,” ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

A mota maganar ta yi ta cina. Wancan ɗin! Ni ma ɗan fari ne, kuma har mahaifiyata ta bar duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi zancena, haka take kau da kai ta ce “wancan”. Na san wannan kau da kan tun ina rarrafe. Ina isa Tudun Wada na ja kofur bayan ofis, gindin wata darbejiya, na ce, “Kofur, tsakaninka da Allah, mece ce tsohuwar nan a wurinka?”

Sai ya ce, “Ita ta haife ni.”

Ashe shi ne ɗanta na fari, daga aurenta na farko a ƙasar Kiru. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, dangin uba suka riƙe shi, ita kuma ta yi aure a wancan ƙauye. Mutanen can sun san ta bar ɗa a gida, amma ba wanda ya san fuskarsa, don sai in ta je ganin gida suke haɗuwa. Ya ce da ya ga ruwa ya kai dokin ƙofarta, bai san sanda ƙafarsa ta kai shi ciki ba.

Daɗi ya kama ni, na ce, “To ai shari'a ta ƙare! Ɗa ya shiga ɗakin uwarsa, wa ya isa ya ce an keta gida?”

Ya riƙe hannuna ya ce, “Don girman Allah, Yallaɓai, kada ka faɗa. Mutanen nan su ne gatanta. Su ke ɗebo mata ruwa, su za su binne ta. In suka ji ɗanta na cikin waɗanda suka tashe su, wa zai ƙara leƙa ta? Kuma ita ba ta taɓa ce mini ɗa a gaban mutane ba. Ba zan sa ta yi yau a gaban alƙali ba. Gara kakin ya tafi.”

Na yi faɗa, na yi magiya, na tuna masa 'ya'yansa. Bai motsa ba. Ƙarshe na yi masa alkawari, ina yi ina jin kamar in shaƙe shi. Lauya da hujja a hannu an ɗaure masa baki, ban taɓa shiga takaici irin wannan ba.

Ranar zama kotu ta cika maƙil, har ta taga ana leƙe. Shaidu suka yi ta tashi, kuma gaskiya suka faɗa: ya shiga, ya ɗauke ta, ta yi kuka. Na yi iya yina, na ce ruwa na tasowa, rai ya fi komai. Ƙanin mijin ya ce ruwan ko gwiwa bai kai ba, da an jira mata sun fito da ita. Na dubi fuskar alƙali na san muna faɗuwa. Sai alƙali ya ce yana son ya ji daga bakin mai abin. Aka shigo da ita, aka ba ta kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa ta juya wa kofur baya. Aka tambaye ta ko an ɗauke ta ba da sonta ba, ta ce e. Aka ce ina da tambaya? Na dubi kofur, ya girgiza mini kai a hankali. Na miƙe da alkawari a wuyana, sai na ce, “Iya, da ya ɗauke ki, ya ji miki ciwo?”

Ta ce, “A'a.” Har zan zauna, sai ta ce da alƙali, “Ranka ya daɗe, in aka ce ya yi laifi, me za a yi masa?”

Alƙali ya gaya mata gaskiya, ya ce zai rasa aikinsa, kuma ana iya ɗaure shi.

Ta dubi ƙasa, ta ce da muryar da sai da kowa ya yi tsit kafin a ji, “Ni na fara goya shi. Da zanen nan irin nawa na goya shi. In ya goya ni rana ɗaya, a bar mini shi.”

Wallahi ban san sanda na zauna ba. Wani daga baya ya ce, “La ilaha illallahu!” Kofur ya kifa kai a jikin katakon da yake tsaye. Ƙanin mijin ya miƙe, bakinsa a buɗe, ya dube ta ya dubi kofur, sannan ya ce, “Haba Yaya, ai da kin faɗa mana.” Ya juya wajen alƙali ya ce ya janye ƙara, shi ba zai yi shari'a da ɗan gidansu ba.

A waje mata suka kewaye ta. Abin da kofur ya ji tsoro bai faru ba, don ina gani wata ta gyara mata gyale, wata ta riƙe mata hannu. Shi kuwa ya cire hularsa, ya je nesa kaɗan da ita ya durƙusa a cikin ƙura da kakinsa. Ba ta dube shi ba. Ta kalli wani wajen, kamar da iska take magana, ta ce, “Allah ya yi albarka.” Ƙaton mutumin nan ya fashe da kuka a gaban 'yan sandansa, ni ma na koma bayan mota na share nawa.

Na yi shekaru bayan nan ina kare masu kaki, na ci wasu shari'o'in, an kayar da ni a wasu. Abin da wannan ta koya mini shi ne in mutum ya yi shiru a kan abin da zai cece shi, kada in yi saurin cewa taurin kai ne ko wauta, sau da yawa wani yake karewa. Shi ya yarda ya rasa aikinsa don kada ta rasa mutanenta, ita kuma ta ajiye kunyar da ta riƙe tun ƙuruciyarta don kada ya rasa aikinsa. Ni aka tura in kare kofur, amma uwarsa ce ta kare shi.